Daga Tabarma Zuwa Allon Waya: Yadda Labari Yake Zama Gem

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Masu sauraronmu na Maigatari da Gumel, da Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Dungas da Magarya, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa.

Yau zancen gem za mu yi. Na san da jin haka wasu iyayen sun riga sun ɗaure fuska, domin abin da suka sani game da gem shi ne yaron da aka aika awo ya maƙale a gidan gem, ko wanda ya ƙura wa waya ido har caji ya ƙare. Ku yi haƙuri, za mu zo kan wannan kafin mu yi sallama. Amma kafin nan, akwai abin da yawancin masu buga gem ɗin ma ba su sani ba. Da yawa daga cikin manyan wasannin da duniya take rububi a kansu, asalinsu littafi ne wani ya zauna ya rubuta, ko kuma wasa ne da abokai suke yi da takarda da fensir. To ta yaya labari yake tashi daga takarda ya koma gem? Mu kuma da Allah ya hore wa labarai, ta ina za mu shiga?

Mu fara da Amurka, a shekarar 1974. A lokacin ne wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Babu lantarki a cikinsa, babu na'ura. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye teburi. Ɗaya shi ne jagora, shi yake riƙe da labarin da taswirar ƙasar da za a shiga. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo mai wayo, wancan mai magani. Kowa da takardarsa, an rubuta masa lambobi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin basira, hangen nesa, da kwarjini.

Sai jagora ya ce, kun iso bakin kogi, gada ta karye, ga 'yan fashi sun biyo sawunku, me za ku yi? Mayaƙi ya ce zai tsaya ya tare su. Ɓarawo ya ce shi iyo zai yi ya ƙulla igiya a wancan tsallaken. Nan sai a ɗauko ɗan jefawa irin na ludo, sai dai wannan fuska 20 gare shi. A jefa, a haɗa abin da ya fito da lambar ƙarfin mai iyon. In ta kai adadin da jagora ya yanke, ya haye. In ba ta kai ba, ruwa ya tafi da shi, sai abokan tafiya su san yadda za su ceto shi. Ba a sa kuɗi, ba a cinye kowa, kuma ko jagoran bai san inda labarin zai ƙare ba sai an buga.

In kun lura, kayan haɗin wannan wasa duk muna da su, a rarrabe ne kawai. Muna da mai ba da tatsuniya, sai dai masu sauraronta ba su da ikon juya akalar labarin. Muna da dara, mai gurabe da 'ya'ya da doka tsayayya, amma babu labari a cikinta. Muna da kalankuwa da wasan gauta da tashe, inda saurayi yake zama alƙali na yini guda, mace ta yi shigar sarki ta kwaikwayi maganarsa. Abin da Gygax da abokinsa suka yi shi ne haɗa ukun wuri ɗaya: labari, da doka, da shiga rigar wani.

Da wasan ya karɓu, sai mutane suka shiga ƙirƙira masa duniyoyi, da garuruwansu da sarakunansu da tarihinsu. Wadda ta fi suna ita ce Forgotten Realms, ta wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, wanda ya fara tsara ta tun yana yaro, aka buga ta a 1987. Shekara guda bayan nan, a 1988, aka yi wasan kwamfuta mai suna Pool of Radiance a cikin wannan duniyar. A 1998 wani kamfanin Kanada, BioWare, wanda likitoci ne suka kafa shi, ya fitar da Baldur's Gate, shi ma a cikin wannan duniyar. A 2023 kuma kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar da Baldur's Gate 3, ya lashe kambin gwarzon wasan shekara.

Me ake samu, me kuma ake rasawa, idan wasa ya tashi daga teburi ya koma na'ura? Riba a fili take. Kwamfuta ba ta gajiya da lissafi, ita take jefa ɗan ludon, ita take tuna wanda aka ji wa rauni da wanda guzurinsa ya ƙare. Ga hoto, ga sauti, kuma ba sai ka jira abokai sun hallara ba. Asarar ita ce jagora. Jagora mutum ne, in ka zo masa da dabarar da bai zata ba, nan take zai ƙaga abin da zai biyo baya. Na'ura kuwa abin da aka zuba mata kaɗai ta sani. In marubuci bai yi tunanin wani zai ce zai yi sulhu da 'yan fashin ba, to babu ƙofar sulhu a wasan. Shi ya sa Baldur's Gate 3 ya ci wajen shekara 6 ana aikinsa, da ma'aikata sama da 400, kuma kaso mai tsoka na aikin rubutu ne: in mai wasa ya ce kaza a ba shi wannan amsa, in ya ƙi a buɗe masa waccan hanya.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, yanzu sai mu juya kan littafi. Nan wahalar ta ɗan bambanta. Littafi kamar layin dogon nan ne da ya ratsa Gagarawa ya nufi Nguru: tasha na bin tasha, mai karatu ba shi da ikon kauce wa layi. Gem kuwa kasuwar Alhamis ce ta Maigatari, kowa da ƙofar da zai shiga, wani ya fara da kara, wani ya fara da 'yan hatsi, wani ma ya tsaya cinikin da bai fito da niyyarsa ba. Wanda duk zai mayar da littafi gem, aikinsa shi ne ya samar wa labarin ƙofofi.

Misalin da aka fi kawowa daga ƙasar Polan yake. Wani marubuci, Andrzej Sapkowski, ya fara buga labarin wani maharbin dodanni mai suna Geralt a wata mujalla a 1986, labarin ya yi ta tsawo har ya zama jerin littattafai. A 2007 kamfanin CD Projekt ya fitar da gem mai suna The Witcher. Dabarar da suka yi ita ce ba su maimaita littafin ba. Sun ɗauki ƙasar da mutanenta da halin Geralt, suka ɗora sabon labari daga inda littattafan suka tsaya, ta yadda wanda ya karanta ma bai san abin da zai faru ba. Kashi na uku da ya fito a 2015 an sayar da fiye da kwafi miliyan 50.

Haka 'yan ƙasar Sin suka yi. Suna da wani tsohon littafi na ƙarni na 16, labarin wani biri mai hatsabibanci da ya raka wani malami tafiya yamma neman littattafai. A watan Agustan 2024 kamfanin Game Science ya fitar da Black Myth: Wukong a kan wannan labari, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana 3. Har tsofaffin gine-ginen lardin Shanxi da aka zana a wasan suka cika da masu yawon buɗe ido.

Amma kada wani ya ɗauka sunan littafi kaɗai ya isa. Littattafan Tolkien na Ingila suna cikin waɗanda suka fi shahara a duniya a wannan fanni. Duk da haka, gem ɗin da wani kamfanin Jamus ya yi a 2023 a kan Gollum, ɗaya daga cikin mutanen littafin, ya faɗi warwas. Wasan ya fito da kurakurai, abin da ake sa mai wasa ya yi kuma babu daɗi. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, bayan 'yan makonni ya rufe sashensa na ƙera wasanni. Wanda ya sayi gem so yake ya yi wani abu da hannunsa, kuma abin ya yi masa armashi. In babu wannan, sunan marubuci ba ya ceton wasa.

To ina Afirka a wannan harka? A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan sarki da sarauniyar da aka ƙwace wa mulki. A Gana da Kenya akwai Leti Arts, waɗanda suka ɗauki Ananse, wato Gizon mutanen Gana, suka mayar da shi jarumin wasa. A nan maƙwabta, a Yamai, wani matashi Mahaman Sani Housseyni Issa ya ɗauki Shamsou, jarumin littafinsa na zane, ya sa shi a wasan da ya kira Les Héros du Sahel. Akwai kuma The Wagadu Chronicles, na Allan Cudicio, wanda yake da tushe a Gana. Shi ya fara da littafin wasan teburi mai duniyar Afirka zalla, sannan ya nemi mayar da ita katafaren gem na intanet wanda dubban mutane za su shiga lokaci guda. An buɗe shi a ƙarshen 2023, aka dakatar da shi cikin 2024 saboda kuɗin riƙe shi sun gaza. Wannan darasi ne ga duk mai son farawa da babban abu.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. A watan Agustan 2021, wasan Age of Empires III na kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa cikin al'ummun da ake iya yaƙi da su. A ciki akwai barade masu lifidi, akwai sojan da suka sa wa suna Maigadi, kuma Sarauniya Amina ce shugaba. A Fabrairun 2025 wasan Civilization VII ya fito, nan ma ga Amina ta Zazzau cikin shugabannin da mai wasa zai zaɓa. Ke nan wasu can sun duba tarihinmu sun ga yana da kasuwa. Sun yi abin da suka iya daga littattafan da suka karanta, kuma kuɗin can ya tafi. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga hawan salla a ƙofar fadar Gumel ya san akwai abin da ba a koyo daga nesa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Idan yanzu kuka kama mu, shirin faɗakarwa ne, muna magana a kan yadda ake mayar da labari gem. Bari mu leƙa rumbunmu.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga 1937 zuwa 1939 Imam ya fitar da Magana Jari Ce littafi uku, inda aku yake ta jan ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. A 1951 ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A zamaninmu kuma ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suke karantawa, suke kuma sauraro a waya ana karanta musu, cike da sadaukai da birane da takubba masu suna.

Sauya wa labari mazauni kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi kansa Imam ya ɗebo wasu labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Turai, ya yi musu riga da hula har suka zama 'yan gida. An mayar da Shaihu Umar fim a 1976, Adamu Halilu ya ba da umarni. An yi wasan talabijin na Magana Jari Ce a Kaduna. A shekarun 1990 an mayar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu finafinai. Daga baki zuwa takarda mun yi, daga takarda zuwa fim mun yi. Gem ne matakin da ya rage.

Ku ɗauki Ruwan Bagaja. Ɗan sarki ba shi da lafiya, an ce maganinsa wani ruwa ne da ba a san inda yake ba, Alhaji Imam, jarumin labarin, ya bar Kwantagora ya shiga duniya nemansa, gari bayan gari, ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman kullum suna haɗuwa suna shirya wa juna tsiya. Duk mai ƙera gem da ya ji wannan zai ce an gama masa rabin aiki: ga abin nema, ga zango-zango, ga abokin hamayya. Amma a lura, Alhaji Imam da baki da dabara yake fita daga kowane rami. Wanda ya miƙa masa takobi ya ce ya yi ta sara, ya kashe littafin. Dokar irin wannan wasa dole ta tsaya a kan wayo: wace magana za ka gaya wa alƙali, wa za ka yarda da shi a masauki, yaushe za ka rama abin da Zurƙe ya yi maka, yaushe za ka ƙyale. Ganɗoki kuwa shi ne na fagen fama. Kowane littafi da irin dokar da ta dace da halinsa, kuma gano ta shi ne gwanintar.

Mu a nan Lautai, wato ƙasar Gumel, ma ba sai mun yi aro ba. Masarautar Gumel Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, ƙarƙashin Ɗan Juma. Ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A ƙarni na 19 aka taso da fada daga Tumbi aka dawo inda take yau, kuma ta yi ta gwabzawa da Haɗeja da Kano da Damagaram kafin zuwan Turawa a 1903. Ƙaramar ƙasa a tsakiyar manya, kullum tana auna da wa za ta yi sulhu, ina za ta kafa ganuwa, ta yaya ayari zai wuce lafiya. Irin wannan matsin shi ne abin da masu tsara wasa suke nema ido rufe, domin kowane mataki zaɓi ne mai tsada.

Bari in nuna muku yadda za a gwada a kan tabarma, yau ɗin nan bayan isha'i. Ku huɗu ne. Ɗaya jagora, ɗaya falke mai raƙumi, ɗaya dillali, ɗaya maharbi mai rakiya. Kowa a raba masa maki goma a kan abu uku: ƙarfi, iya baki, da sanin daji. Jagora ya ce, kun shigo kara da raƙumi guda, guzurinku ya ƙare, wani baƙo mai rawani ya yi tayin da ya ninka na kowa, amma ya ce sai an kai masa dabbar bakin wata tsohuwar rijiya bayan magariba. Falke yana iya cewa albarka, ya sallama wa mai ƙaramin tayi ya kwana lafiya. Dillali, da yake la'adarsa yake hange, yana iya cewa zai bugi cikin baƙon ya ji ko mutum ne ko mutanen ɓoye. Sai ya jefa ɗan ludo, a haɗa da makinsa na iya baki. In jimla ta kai takwas, baƙon ya yi suɓutar baki. In ba ta kai ba, ya tafi ya bar su cikin duhu, sai su yanke shawara. Ku buga wannan sau biyar da mutane daban-daban, ku rubuta duk dabarar da wani ya zo da ita wadda ba ku zata ba. Takardun nan da kuka tara su ne ƙashin bayan gem ɗinku.

Daga nan sai na'ura. Akwai manhaja mai suna Twine, kyauta ce, ana rubuta labari mai rassa da ita ko da mutum bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba. Akwai Godot, ita ma kyauta, ga wanda ya kai ga sa hoto da motsi. Ƙaramar kwamfutar cinya ta isa. Ku tuna da wanda zai buga: wayarsa ba mai tsada ba ce, datarsa a ƙirge take, cajinsa na shagon mai sola ne. Saboda haka wasan ya zama marar nauyi, wanda zai yi aiki ba tare da intanet ba, wanda aboki zai tura wa aboki. Ku tabbata haruffan da kuka zaɓa suna nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai. In da hali ku sa murya, domin wanda bai iya karatun boko ba shi ma ya shiga. Kuma aikin na taro ne: ɗalibin Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel ya riƙe rubutu, wanda ya karanta kwamfuta a Kazaure ko Dutse ko Kafin Hausa ya riƙe na'ura, mai zane ya zana, makaɗi ya ba da sauti.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Saura magana biyu, ta haƙƙi da ta tarbiyya.

Marubutanmu, ku ji abin da ya sami Sapkowski. Lokacin da kamfanin CD Projekt ya zo masa, an yi masa tayin kaso daga ribar wasan, ya ƙi, ya ce a ba shi kuɗinsa dunƙule, domin bai yi zaton abin zai je ko'ina ba. Da wasan ya mamaye duniya, a 2018 ya aika da lauyoyi yana neman zuloti miliyan 60 na kuɗin Polan, kimanin dala miliyan 16. Sai a Disambar 2019 suka daidaita. Don haka in wani ya zo neman littafinki ko littafinka, a rubuta yarjejeniya: na shekara nawa ne, fim ne ko gem ne ko duka, kaso nawa ne, kuma wa yake da ikon hana a ɓata halin jarumin.

Ku kuma matasa, littafin wani ba kayan tsintuwa ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan littattafansa suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Mai son taɓa su sai ya nemi izinin magadansa da kamfanin NNPC na Zariya da yake buga su. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami na kowa ne a dandali, amma wanda zai yi kasuwanci da su ya tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, domin dokar ta yi magana a kan al'adun gargajiya ma. Tarihin masarauta kuwa, a je fada a tambayi masana. Waɗanda aka yi yaƙin da su jikokinsu suna nan, muna auratayya, muna cin kasuwa ɗaya. Wasan da zai mayar da Bahaɗeje ko Badamagare dodo fitina zai haifar.

Iyayenmu maza da mata, damuwarku tana kan hanya. Ko a Amurka, a shekarun 1980 iyaye da malaman coci sun tayar da ƙura a kan Dungeons & Dragons, har kamfanin da yake buga wasan ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, wato idan wasa ya fi ƙarfin mutum har ya danne karatunsa da barcinsa da hulɗarsa da jama'a. Akwai kuma wasannin da ake sayen akwatin sa'a a cikinsu da kuɗi, ba ka san abin da za ka samu ba sai ka biya. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki wannan a matsayin caca tun 2018, mu ma ba mu da wani suna da za mu kira shi. Don haka a duba abin da yaro yake bugawa, a tambaye shi labarin da ke ciki, a yanka masa lokaci, salla da makaranta da aikin gida su riga. A hana shi duk wasan da ake zuba kuɗi don neman sa'a. Masu ƙerawa kuma su san iyakarsu: Annabawa da Sahabbai da ayoyin Alƙur'ani ba kayan wasa ba ne, kuma in aljani ko boka ya shigo labari, a nemi shawarar malamai kan yadda za a nuna shi.

Amma hani kaɗai ba zai wadatar ba, domin wayar tana hannun yaran, kuma wani ne zai cika ta da labari. In kun ga yaro yana zana taswirar garin da babu shi, yana ƙaga wa abokansa dokar wasa, kada a ce masa shiririta yake yi. Lissafi yake koyo, da rubutu, da tsara magana. A saya masa littafin rubutu, a haɗa shi da kakarsa ta ba shi tatsuniya.

Kiranmu ga malaman makarantun Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne, a ƙungiyoyin Hausa na makarantu a ware rana guda a zango, ɗalibai su ɗauki tatsuniya ɗaya su mayar da ita wasan tabarma mai doka da zaɓi. Matasa masu ilimin kwamfuta kuma ku fara da ƙarami: gari ɗaya, mutum uku, wasan minti 20 da Hausa, ku gama shi, ku ba ƙannenku su buga su gaya muku inda ya gundure su. Marubuta ku riƙe haƙƙinku da takarda. Masu hali kuma ku tallafa wa yaran da kwamfuta ko da guda ɗaya ce.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)